Bakan da Ciɗo Ya Fitar daga Katakon Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha uku ga watan Disamba na 1965, cikin watan Sha'aban, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Ciɗo mai baka a gidansa da ke bayan kasuwar dabbobi, nan Tawa. An yi masa sutura kafin magariba. Ya bar matarsa Zaliha, da ɗansa Sule, da ɗiyarsa Safi, da jikoki tara, da kuma ni Almustafa, wanda ba ya cikin magada amma ya fi shekara hamsin yana cinye masa tabarma da zama.

Ciɗo, mutane sun yi ta zuwa yi mini gaisuwa kamar ciki ɗaya muka fito, wasu kuma sun koma suna mamakin yadda suka tarar da idona a bushe. Ba rashin ƙauna ba ne. Wata huɗu na yi ina roƙon Allah abu biyu: kada ya ɗauke ka sai ka gama wani aiki, in kuma ka gama kada ya bar ka kana fama da tarin nan da ya cinye maka ƙirji. Ya amsa mini duka biyun. Shi ya sa abin da na fi ji yau shi ne sauƙi, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Zan faɗi ko wane aiki ne, domin rabin Tawa sun ba da labarinsa, kuma kowa ya ƙara masa gishiri.

Ƙauye ɗaya aka haife mu, tafiyar rabin yini daga Takanamat. Ni na bi allo, daga baya na bi takarda. Kai ka bi kawunka cikin daji kuna neman itacen dargaza da ake sassaƙa baka da shi. Ba ka taɓa gaggawa da itace ba. Da rani kake sara, ka tsaga shi da hannunka, ka rataye a rufin madafa hayaƙi ya yi ta bi ta kansa shekara biyu, sannan ka taɓa shi da gizago. Mutane ma haka kake yi musu. Wata shekara wani ya zo maka ido ja, shanun maƙwabcinsa sun shiga masa gona, ya ce baka yake so yau yau. Ka auna hannunsa da kyau, ka yaba ƙarfinsa, ka ce ya dawo bayan Juma'a uku. Da ya dawo, shi da maƙwabcin suka zo, suna gardamar wanda zai hau jaki. Ka ba shi ƙotar kalme ta noma maimakon baka, ya tafi yana godiya. Matan da mazansu suka mutu a unguwarku kuwa, ba wadda ta taɓa neman ƙotar gatari ta rasa. Takan tarar da ita a jingine bakin ƙofa, kai kuma ka wuce kana duban sama kamar ba ka san zancen ba.

Abu guda ka raina a duniya, shi ne katakon kafinta. Kakan ce zarto ba ya tambayar itace inda yake son ya rabu, yanka kawai yake, ya datse jijiya ta ko'ina. Ka ce katako ya isa ƙyaure, ya isa benci, amma ranar da aka ce ya lanƙwasa sai ya tuna da abin da aka yi masa. Na sha jin wannan huɗuba har na iya ta.

To, ga yadda aikin ya taso. A ƙauyenmu akwai baka guda da ake kira bakan gari. Yana hannun Sarkin Baka, shugaban mahalba, daga kaka zuwa jika. Ba a farauta da shi. Sau ɗaya ake fito da shi a shekara, ranar buɗin daji, bayan hatsi ya gama shiga rumbu. Liman ya yi fatiha, Sarkin Baka ya ɗaura tsirkiya, ya halba kibiya guda wajen arewa. Kafin wannan kibiya ta tashi ba mai taɓa ko zomo, ba mai yankan ciyawar jinka a fadamar gari. Sarkin Baka na yanzu shi ne Tanimu, yayan matata Balki.

Bana, da aka zo bikin cikar shekara biyar da samun 'yancin kai, ranar uku ga Agusta, dattawan unguwa suka ɗora mini shirya rumfar kayan kakanni, a nuna wa baƙi. Na tafi har ƙauye wurin Tanimu in roƙi aron bakan gari. Na shirya magana mai tsawo, domin na san ba abin da ake bayarwa aro ba ne. Ban kai rabinta ba ya shiga ɗaki ya fito da shi, ya miƙo mini. Na dawo Tawa ina jin lalle Allah ya yi mini baiwar baki.

Ranar biki wani baƙo mai kwat ya tsaya gaban rumfar, ya tambaya ko bakan yana aiki ko kuwa ado ne kawai. Ni da ban taɓa kashe ko kurciya ba, sai na ji abin ya taɓa mini martabar ƙauyenmu. Na ɗaura tsirkiya, na tsaya kamar yadda na ga ana tsayawa, na ja. Ƙarar da na ji ba ta fi ta karan dawa ba. Na duba, baka ɗaya ya zama biyu. Makaɗa suna ta aiki, hadari kuma ya taso, mutane suka watse, ba a fi mutum uku da suka gani ba. Na naɗe guntayen cikin rigata, na nufo gidanka ruwa yana dukana.

Ka daɗe kana juya su. Ka kai bakin karayar kusa da ido, ka shinshina, ka kankare da farce. Sannan ka ɗago.

"Kai kaj ja shi?"

Na ce ni ne.

"To, Allah shi ba hannun lahiya. Shekara sittin yana hutawa, ga shi ya hito da aiki."

Ban yi dariya ba. Na san abin da ke gabana. In ranar buɗin daji ta zo ba baka, daji zai zauna a rufe, mahalba su zauna gida, ɗakunan da damina ta ci su kwana ba sabuwar jinka, ni kuma har jikokina za a riƙa nuna su ana cewa ga gidan wanda ya karya bakan gari don ya burge mai kwat. Balki ma ban san da wane ido za ta shiga gidan ubanta ba. Na roƙe ka ka sassaƙa wani irinsa sak, a turara shi da hayaƙi ya yi baƙi, in mayar ba wanda ya sani. Ba ka ce to ba, ba ka ce a'a ba. Ka ce dai busasshiyar dargaza ta ƙare, tun da ciwo ya kama ka ba ka shiga daji ba, ɗanya kuwa da damina ruwa ne zalla, sai ta yi shekara biyu. Mu kuwa wata huɗu gare mu.

Washegari da hantsi ka aiko a kira ni. Ka ce, "Kama ni mu tahi tasha." Na ɗauka wani wuri za mu. Ashe bayan tasha ka nufa, garejin Moussa, inda matattun motoci ke zube. Kai da ka shekara hamsin kana zagin katako, ka durƙusa cikin katakai. Kwana uku muna zuwa. Kakan tofa yawu a kan katako, ka kankare da wuƙa har zanen itacen ya fito, sannan ka ɗora farce a kan jijiya guda ka bi ta a hankali. In ta kauce ta fita ta gefe, ka ture katakon da ƙafa. Na ƙirga sun fi arba'in da ka ture. Moussa ya fito da sababbi masu santsi daga ɗakinsa, ko kallo na biyu ba ka yi musu ba. Ranar ta uku ka tsaya a jikin wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya da ta gama jigilar gyaɗa, farcenka ya bi jijiya daga wannan kai har wancan kai ba ta kauce ba. Ka sake bi. Ka ce madobiya ce daga kudu, rana da ruwa sun yi mata shekara goma, abin da zai tsage a jikinta ya riga ya tsage.

Moussa ya ce, "Haba Baba, ga na kirki, sai ka tsaya ga wanda awaki ke sosa baya da shi?"

Ka ce, "Zarto makaho na, ɗana. Amma ko makaho, cikin katako arba'in, yakan bi hanya sau guda bisa kuskure. Cire min wanga."

Ya kwance shi da kansa, ya ɗauko a kafaɗa har gidanka.

Tun daga nan na zama ɗan koyo da furfurata. Da safe kawai kake iya aiki, kafin tari ya taso. Ka zana siffar bakan da gawayi, mai kauri a tsakiya, yana sirancewa zuwa kai biyu. Ka zaɓi fuskar da za ta zama baya, wadda ke duban abin halbi, ka kankare ta a hankali har ta tsaya a kan jijiya guda, daga nan ba ka ƙara yarda ƙarfe ya taɓa ta ba. Duk ragin da za a yi, ta ciki ake yi. Da gizago ka fara, ka koma wuƙa, da aiki ya yi nisa ka sa Zaliha ta fasa kwalba ka riƙa kankara da ɓallin, abin da ke zuba bai fi dussa ba.

Aikina shi ne ja. Ka kafa gwafa a tsakar gida, a ɗora bakan a kai da doguwar igiya, ni in ja ƙasa, kai ka zauna taku goma baya ka runtse ido ɗaya. Abin da kake nema shi ne hannuwan bakan biyu su lanƙwasa daidai, kada wani wuri ya ɗauki wahala wani yana hutawa. Sai ka ce, "Na sama yana barci," ka taso ka shafa gawayi a wurin, ka kankare gawayin kawai, a sake ja. Rana ɗaya mukan yi haka sau talatin. In na ɗan zarce sai in ji, "Kaɗan, Almustafa! Mun ga ƙarhinka ran biki, ba mu bukatar ƙari."

Cikin watan Oktoba, ana tsakiyar girbi, bakan ya fara kama da baka, ni kuma na fara cin tuwo da daɗi. Sai wata safiya na tarar ka tura shi ƙarƙashin gado. Ka ce aikin ya tsaya. Ka ce abin da ya rage ba ya yiwuwa sai ka ga mutumin da zai ja shi, domin baka hannu ake yi wa, kowane mahalbi da inda jansa ke tsayawa da yadda yake karkata. In aka rage wa wani, wani ya ja, ko dai kibiya ta faɗi gaban ƙafa ko itace ya fashe. Sai Tanimu ya zo. Hayaƙi kuma, ka ce, ba za ka turara ba.

Na yi gardama. Na kawo igiya da na auna tsawon tsohon bakan da ita. Ka ce igiya ba ta da kafaɗa. Na yi fushi na ɗauke ƙafa kwana goma sha biyu, abin da ban taɓa yi ba tun muna samari. Ranar da na dawo, tun daga zaure nake jin tarinka. Zaliha ta tare ni bakin ƙofa, ta rage murya.

"Malam, in kana da tahiya, ka yi ta. Mutumin ga ba shi da kwanakin da za a zubar."

Na hau mota zuwa Takanamat, daga can na bi jaki. Na tarar da Tanimu a gona cikin dammunan hatsi. Na faɗa masa a tsaye, ban yi ado ba. Ya zauna a kan dami. Ya ce, "A hannunka?" Na ce a hannuna. Sannan ya ce mu tafi wurin Ciɗo. Daga ƙauye har Tawa ina ta shirya yadda zan gaya wa Balki ta fara haɗa kaya.

Da muka iso aka gaisa, ka sa aka ciro guntayen tsohon bakan, ka ajiye tsakaninmu, ka juyo bakin karayar wajen haske. Sai a ranar na lura: kashi biyu na itacen baƙi ne ƙirin, kashi ɗaya fari tas.

Ka ce, "Hwarin ga na Almustafa na, ran biki anka yi shi. Baƙin ga kuwa ya kai shekara bakwai. Sarki, na wa na?"

Tanimu ya dubi ƙasa, kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta wanda ya gaji.

Ya ce, "Takwas."

Ya ba mu labari. Shekara takwas da suka wuce, ranar buɗin daji, ya ji bakan ya yi ɗan ƙara a tafin hannunsa, ba wanda ya ji sai shi. Ya koma gida ya naɗe wurin da fata. Tun daga nan kowace shekara sai ya rage ja, kibiya tana ta matsowa kusa, mutane suna cewa Sarki ya tsufa. Ya fi son a ce ya tsufa, domin in bakan gari ya karye a hannun Sarkin Baka, cewa za a yi daji ya ƙi gidansu. Da ya gan ni na zo aro da dogon bayanina, ya ce, sai ya ji kamar Allah ne ya aiko ni. Ya kama gwiwata ya nemi gafara.

Na juyo wurinka. Na ce, Ciɗo, tun ranar farko ka gani, ka bar ni wata uku ina ramewa?

Ka ce, "Da na hwaɗa maka, da hushi za ka tahi ƙauye, a rasa baka a rasa surukuta. Na hi so ka tahi da kunya. Mai kunya ya hi iya sallama."

Kwana huɗu Tanimu ya yi a gidanka yana ja kana kallo. Ka gano kafaɗarsa ta hagu ta taɓa gocewa, yana ɗan kwantar da baka in ya ja, ka rage hannun ƙasa saboda haka. Ranar ƙarshe a kishingiɗe ka yi kankarar, Sule yana riƙe da kanka. Ka shafe shi da man shanu, ka murɗa sabuwar tsirkiya ta fata. Ya fito ja kamar goro, wanda ko makaho ya shafa zai san sabo ne. Ka miƙa wa Tanimu ka ce, "Abin da za ka gaya ma mutanenka, wannan ba sana'ata ba ta."

Ranar Alhamis tara ga Disamba aka yi buɗin daji. Ina wurin. Bayan fatihar liman, Tanimu ya zare ƙyallen da ya rufe bakan. Ya faɗi komai da bakinsa, tun daga ƙarar shekara takwas har zuwa garejin Moussa, ya ce laifin ɓoyo nasa ne, Almustafa ƙarshen igiya kawai ya kama. Tsoho Illa, wanda ya girme kowa cikin mahalba, ya karɓi bakan ya jujjuya. A tsakiyar mariƙi, inda itace ya fi kauri kuma ba ya lanƙwasa, akwai hudar ƙusar mota da ka ƙi toshewa. Illa ya zura ɗan yatsa a ciki ya ɗaga wa jama'a.

"To, mahalba, yanzu direba za mu naɗa ko Sarkin Baka?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaure fuska. Illa ya mayar wa Tanimu. Ya ce shi bai taɓa jin an buɗe daji da mota ba, amma kuma bai taɓa jin an hana ba. A ja a gani. In ya karye, kowa ya koma gida.

Tanimu ya ɗaura tsirkiya, ya ɗana kibiya, ya fuskanci arewa. Na rufe ido, sannan na ji kunya na buɗe. Ya ja, ya ƙara ja, har inda hannunsa ke tsayawa tun yana saurayi. Hannuwan bakan biyu suka lanƙwasa kamar an auna da ma'auni. Ya saki. Kibiyar ta wuce aduwar da ke bakin fadama, ta faɗi can bayanta, inda samarin garin ba su taɓa ganin kibiyar buɗin daji ta kai ba. Mata suka ɗau guɗa daga bayan danni. Illa ya sake karɓar bakan, ya duba ciki ya duba baya, ya shinshina, ya ce man shanun ya yi yawa. Iyakar aibin da ya samu ke nan. Kafin azahar an shiga fadama da lauje.

Ranar Asabar da hantsi na iso Tawa, ban biya gidana ba. Na tarar da kai a kwance, ka zama kamar tsinke. Na fara ba ka labari daga farko kamar yadda na saba, ka ɗaga yatsa ka tsayar da ni. Ba ka tambaya ko ya karye ba.

"Da sunka gama, sun kwance tsirkiya?"

Na ce a gabana Tanimu ya kwance ta, ya naɗe, ya rataye bakan a inuwa, don kada itacen ya gaji da ɗauri.

Ka ce, "To, madalla. Sauran labarin ka ba Zaliha, ita ka son labari." Ka juya ka yi barci. Zaliha ta ce rabon da ka yi irinsa tun kafin damina. Kwana biyu bayan nan ka cika, cikin hankalinka, da kalmar shahada a bakinka, Safi tana riƙe da hannunka.

Allah ya jiƙanka, Ciɗo. Ka rufa wa mutum biyu asiri ba tare da ka yi ƙarya ko ɗaya ba, Allah ya rufa naka ranar da asirai ke tonuwa. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Zaliha, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da jinyar da kika yi. Sule da Safi da 'ya'yanku, Allah ya albarkaci bayansa, ya haɗa kanku. Sarkin Baka Tanimu da mahalban ƙauyenmu sun ce in isar da gaisuwarsu, suna nan tafe ranar sadakar bakwai. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon gama abin da ke hannunmu kafin a kira mu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Almustafa
Tawa, Disamba 1965